Hannun 'Yar Mai Gyaran Agogo

Ranar farko a filin harbi, can bayan Challawa,
na ɗaga ƙaramar bindiga da hannu biyu
ta yi mini nauyin turmi.
Allo yana tsaye, taku ashirin da biyar,
baƙin ɗigo a tsakiyarsa kamar idon da ya san asirina.
Harsashi biyar aka ƙirga mini a tafi.
Biyu sun ci ƙasa,
biyu sun tafi gaida darbejiya,
na biyar har yau ba a ji ɗuriyarsa ba.

'Yan layinmu suka ƙunshe dariya a cikin hula.
Ban ga laifinsu ba.
Tun ina ƙarama a Yakasai
ban taɓa dawowa daga sayen koko da kwano cike ba.
Inna kan ce, Tasalla, wannan hannu naki ko mazari albarka.

A cikin adaidaita, daga Panshekara zuwa gida,
wata murya ta matso kusa da ni, ko kuɗin mota ba ta biya ba:
wa ya aike ki?
Kaki ba atamfa ba ne da kowace mace za ta ɗinka.
Koma ki nemi teburin rubuta rahoto.

Sajan Ɗanjummai bai daka mini tsawa ba.
Ya zare gidan harsashi, ya leƙa ciki,
ya nuna mini fayau,
ya sake leƙawa kamar bai yarda da idonsa ba,
sannan ya ciro tsohon kwabo daga aljihu
ya ɗora a kan hancin bindigar.
Ja kunamar, in ji shi, kada kwabona ya faɗi.
Ya faɗi.
Ɗauko.
Ya faɗi.
Mako uku ina tsintar kwabo a cikin yashi,
har gwiwar wandona ta koɗe.

Wata Asabar na kai wa Baba abinci rumfarsa a Bata.
Na ga kofin shayi yana kaɗawa a hannunsa,
hannun da ya shekara talatin cikin hanjin agogo.
Ya ajiye kofin, ya maƙala gilashi a ido ɗaya,
ya saki rabin numfashi,
ya ɗauki kusa da ba ta kai ƙwayar gero ba
ya zaunar da ita a gurbinta.
Na ce, Baba, ashe kai ma?
Bai ɗago ba.
Ya ce, hannun da ba ya rawa yana maƙabarta.
Jini ne ke wucewa, ba a tare masa hanya,
bari ake ya gifta.

Litinin na tsaya, ƙafa a buɗe,
na bar ɗigon ya yi ta lilo yadda ya ga dama.
Na saki rabin numfashi.
Yatsa ya matsa a hankali kamar mai taɓa goshin jariri.
Ƙas.
Kwabo yana zaune.
Sajan ya ce, sake, sau ɗaya ai sa'a ce.
Na sake har la'asar.

Ranar jarrabawa huɗu sun shiga baƙi,
ɗaya ya kauce da faɗin yatsa uku.
Na san dalili, na yi gaggawa,
kuma sanin ya fi mini huɗun daɗi.

Yanzu tana rataye a ƙuguna a bakin aiki.
Kowace asuba roƙona ɗaya ne:
Allah Ka sa in yi ritaya
allo kaɗai ya san hannuna.

Muryar nan ba ta mutu ba,
takan shigo adaidaita jefi-jefi,
sai dai yanzu gefen direba take raɓewa.

Jiya na sayo wa Inna koko.
Ya ɗan zube a bakin zaure.
Na tsaya, na bar shi ya lafa,
na shiga da sauran.